Dokin da Dogo Bai Ɗaga Ba

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ranar Talata, dawowata ke nan daga sallar La'asar. Mu uku ne a falo: ni, da Hajiya maiɗakina tana tsince shinkafa a faranti, da jikata ta wajen babban ɗana, wadda ke karatu a jami'a. Na faɗi lokacin ne don ni mutum ne mai son a san farkon abu kafin a shiga tsakiyarsa, kuma don tun daga wannan minti ban ƙara zama wuri ɗaya na natsu ba.

Yarinyar ta miƙo mini jawwal ɗinta, wato wayarta, ta ce, "Sidi, shuf. Ittihad na shaɗaranj za su yi littafi. Tarihinsu kullu, daga awwal."

Hausarta ke nan, rabi a baki, rabi a aljihu, sai ta cike da Larabci, ko Kaka ma Sidi take ce mini. Abin da take nufi shi ne hukumar da ke kula da wasan shaɗaranji, wato ces, darar nan mai sarki da dawaki, a ƙasar nan tana tattara tarihinta. Na sa tabarau na duba. Sun jera hotunan shugabanninsu, na farko, na biyu, na uku, har zuwa na yau, kowa da rawaninsa, kowa da abin da aka yi a zamaninsa. Jerin ya yi mini kyau, ba zan ɓoye ba, don ina son abu a jere. A ƙasa kuma sun rubuta roƙo: duk wanda ya san 'yan wasan farko, na unguwanni da gahawoyi, ya kawo labarinsu, tare da mai labarin in yana raye, ko shaida na biyu.

Hajiya ba ta ɗago kai daga faranti ba ta ce, "To Alhaji, rana ta zo. Shekara da shekaru kana cika mana kunne da gahawar Baba. Sai ka ba su sunan Dogo."

"Dogo min?" in ji yarinyar, wato wane ne Dogo.

Na tashi na je taga, na dawo, na je ƙofa, na dawo. Hajiya ta ce, "Kai, ka zauna, za ka cinye mana kafet." Ban zauna ba.

Bari in bi abin daki-daki.

A Nuzla, wata unguwa a Jidda, aka haife ni, can aka haifi Dogo. Kakanninmu da ƙafa suka zo hajji, suka zauna. Lokacin da muka taso, ba agogo ke tashe mu ba, ƙarar gwangwanayen masu ɗiban ruwa ce, biyu-biyu a sanda bisa kafaɗa, suna tahowa daga famfon unguwa. Bayan su sai ƙamshin burodin tamis daga tanda, sai muryar matan da ke soya ƙosai a bakin lungu suna gaisawa da Hausar da ba ta gauraya da komai ba. In iska ta juyo daga teku, ka ji kukan jirgin ruwa daga mina, tashar jiragen ruwa, doguwar ƙara mai kauri kamar ta sa. Aikina kafin makaranta uku ne, kuma a jere suke: in cika randa, in share ƙofar gida, in kai wa kakata gyaɗarta inda take kasawa. In na sauya jerin, ko da duka na yi su, sai ta ce, "Wanda ya sa hula kafin wando, ko ya yi ado bai shirya ba." Yau muna hawa na huɗu a wani dogon gini can arewacin gari. Ruwa na zuwa ba a ga mai kawo shi ba, burodi na zuwa a leda, maƙwabcina na gefen dama mun shekara biyu ban san sunan ubansa ba. Ƙarar da nake ji daga asuba zuwa isha ɗaya ce, ta mukayyif mai sanyaya ɗaki, ba ta hawa ba ta sauka.

Gahawar Baba tana bakin hanyar da ta nufi Ammariyya. Rumfa ce ta kwano, da dogayen kujerun igiya da mutum ke hawa ya naɗe ƙafa, da tukunyar shayi da ba ta sauka daga garwashi. Baba tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne, can ya koyo shaɗaranji wajen Turkawa da Indiyawa, ya zo da allo ɗaya na katako wanda giwarsa baƙa ta ɓace, aka sa murfin kwalbar turare a madadinta. Tun ba a san za a yi wata hukuma ba, mu muna da tamu a wannan rumfa, da shugaba da dokoki. Shugabanninmu ma a jere suke: Baba ne na farko, Tela na biyu bayan idon Baba ya yi rauni, na uku kuwa kowa ya san Dogo ne zai zama.

Dokokin Baba biyar ne, kuma har yau ina iya faɗarsu ko an tashe ni daga barci. Ta ɗaya, ba a sa ko ƙwayar dabino a kan wasa, don malamai na da magana a kan allon nan, kuma Baba ya ce ba zai ba su hujja ba. Ta biyu, da ladan ya ɗaga murya za a rufe allo da ƙyalle, ko da sarki na bakin mutuwa. Ta uku, abin da ka taɓa shi za ka tafiyar. Ta huɗu, ɗan kallo ba shi da baki. In ka yi ko tari mai ma'ana, sai ka bar rumfar kwana uku. Ta biyar ita ce tamu mu kaɗai, ban taɓa jin ta a wani wuri ba: ƙarami ba ya kashe sarkin babba. In kana wasa da wanda ya girme ka, ka kai shi inda saura motsi ɗaya, ba za ka yi motsin ba. Za ka tashi tsaye, ka sumbaci kansa, ka ce, "Allah ya ƙara girma," ka fita ka tsaya waje. Shi babban zai duba allo, ya gane, ya kwantar da sarkinsa da hannunsa, sa'an nan ya aika a kira ka ku sha shayi. Baba yakan ce, "Ka ci mutum a allo, kada ka ci shi a fuska. Allo ana naɗewa, fuska da ita zai koma gida."

Yanzu jikata tana wasa da mutanen da ba ta taɓa gani ba, a cikin jawwal, minti uku an gama. Ba ta san ko tsoho ne ko yaro ba. In ta ci, wata 'yar ƙara ce ke fitowa, ƙyas, ta dangwala ta shiga wani. Na taɓa tambayarta, "Wanda kika kashe yanzu, kin gaishe shi?" Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Sidi, wallah kai tuhfa ne, a matahaf ya kamata a ajiye ka." Wato ni kayan tarihi ne, gidan adana kayan tarihi ya dace da ni. Ban ji haushi ba. Ta fi ni iya wasan nesa ba kusa ba, kuma a zamaninmu mace ko leƙa rumfar ba ta yi. Wannan sauyin ban ƙi shi ba. Abin da na rasa shi ne shirun mutum goma sha a kan allo ɗaya, ba ka jin komai sai kurɓar shayi da ƙwas ɗin katako a kan katako.

Dogo maƙerin ƙofofin ƙarfe ne. Aji uku ya yi ya bar makaranta, karatun takarda yana ba shi wuya. Babban yatsansa na hagu wuta ta taɓa cinye farcen, bai sake fitowa ba, da wannan hannun yake ɗaga kayan wasa. Ni na gama ibtida'i, wato firamare, ina aikin jera kaya a sito a mina, don haka ni ne mai karatu na rumfar. Na girme shi da shekara biyu. Ku riƙe wannan, don nan ne gizo ke saƙa. Shekara biyu kacal, amma doka doka ce: duk ranar da muka zauna, sai ya kai ni bakin rami, ya miƙe da tsawonsa, ya sunkuyo ya sumbaci kaina a gaban jama'a. "Allah ya ƙara girma, Yaya." Mutane su yi murmushi. Ni kuwa in ji sumbar nan kamar an ɗora mini garwashi a tsakar ka. Da ya kashe ni kawai da ya fi mini sauƙi.

Wata rana, farkon kafa hukumar, wani ustazu ya zo rumfar da mota, da jaka a hannu. Mutumin kirki ne, ya cire takalmi ya hau kujerar igiya, ya sha shayinmu. Ya ce shugabansu yana so a zagaya unguwanni a nemo masu wasa. Za a yi gasa a wani zaure a cikin gari, wanda ya ci shi zai wakilci Jidda a babban birni. Ya zauna da Dogo sau biyu, sau biyu Dogo ya tashi ya sumbaci kansa. Ustazu ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne na rumfa, ya kwantar da sarkinsa ya ce, "Wannan nake so. Yana da takardun ƙasa?" Aka ce yana da su. Ya rubuta sunansa, ya bar mana takardar dokoki shafi biyu, ya ce a karanta masa da kyau.

Ni aka miƙa wa. Washegari bayan La'asar na tsaya a tsakiyar rumfa, Baba na zaune a dama da sandarsa, Dogo a gabana ya zuba mini ido. Na karanta ta ɗaya, na fassara. Na karanta ta biyu, batun agogo mai fuska biyu, kowa da nasa lokaci, in ka yi motsi ka danna. Na bi su a jere har na zo ta takwas. Ita ta ce wasa ba ya ƙarewa sai da ɗayan huɗu: a kashe sarki a kan allo, ko mutum ya sallama, ko a yi canjaras, ko lokacin mutum ya ƙare, kuma wanda ya tashi ya bar agogonsa na tafiya, kansa ya yi wa. Na karanta ta a zuci, na gane abin da take nufi ga Dogo sarai. Na ɗaga ido na ga Baba. Sai na tsallake na ce, "Ta tara."

Ni da ban taɓa sa hula kafin wando ba, na tsallake lamba. Ba wanda ya lura, don ba wanda ke ƙirgawa sai ni.

Shekaru da yawa ina gaya wa kaina kunya ce ta sa. Yaya zan tsaya gaban Baba in ce dokarsa ta biyar ba ta da wuri a zauren manya? Akwai gaskiya a ciki. Amma na tsufa da yi wa kaina ƙarya. A ƙarƙashin kunyar akwai wani abu, kuma sumbar nan ce. Zuciyata ta ce, bari ya je ya sumbaci kan wani mu gani.

Ranar gasa mu shida muka raka shi. Zauren na da fanka a sama da tebura a jere, kowane da agogonsa, kowane agogo da 'yar tuta ja da ke faɗuwa in lokaci ya cika. Dogo ya ci na farko, ya ci na biyu, ya ci na uku, duka samari ne sa'anninsa ko ƙannensa, ya kashe su ba wata-wata. Wasan ƙarshe, washegari da hantsi, aka haɗa shi da wani malamin makaranta mai farin gemu. Da na ga gemun nan sai na tuna ta takwas. Ina da lokacin da zan ja shi gefe. Muna tsaye tare a bakin randar sanyi, har ya ce mini, "Yaya, akwai abin da na manta?" Na ce, "Ka dai riƙa danna agogo."

Wasan ya yi tsawo. Can sai Dogo ya ba da wazirinsa, mafi ƙarfin kayan wasansa, kyauta, zauren ya ɗauki guna-guni, aka zaci kuskure ne. Malamin ya cinye da ɗabiyarsa, wato 'yar hasumiyar nan ta allo. To ga yadda allo ya tsaya, kuma ko yau na rufe ido ina ganinsa: sarkin malamin yana lungu, ɗabiyarsa ta toshe masa gefe, askarawansa biyu sun toshe masa gaba. Dokin Dogo fari yana tsaye, tsalle ɗaya ya rage. Ya miƙa hannun nan mai yatsa ba farce, ya kai kusa da dokin, bai taɓa ba. Ya janye. Ya miƙe, ya zagaya tebur, ya sumbaci kan malamin, ya ce da Hausa, "Allah ya ƙara girma," ya fita.

Malamin ya bi shi da kallo, bai fahimci komai ba. Ya duba allo, ya ga mutuwarsa, ya duba ƙofa, ya gyara zama yana jira a dawo a kashe shi. Agogon Dogo na tafiya. Cak, cak, cak. Sauran mutanenmu suna murmushi, suna jiran tsoho ya kwantar da sarki. Ni kaɗai a cikinsu na san abin da ƙarar nan ke ci. Taku goma ne tsakanina da ƙofa. Na tsaya ina gaya wa kaina doka ta huɗu, ɗan kallo ba shi da baki. Na ɓuya a bayan dokar Baba don in karya amanar Baba. Ina kallo allurar agogon ta ɗaga 'yar tutar a hankali, a hankali, ta sake ta.

Malamin, Allah ya jiƙansa in ya rasu, ya tashi ya ce wa alƙalin wasa, "Ya ustaz, yaron nan ya ci ni. Ku kira shi." Alƙali ya ce, "Na gani da idona, ya shaikh. Amma nizami nizami ne, doka ce, an ba kowa takarda." Bai yi zalunci ba. An ba kowa takarda.

Ni na fita na same shi. Yana tsaye a inuwar bango, ya sayi sobiya, abin sha mai sanyi, kofi biyu, ɗaya nasa, ɗaya na malamin. Ya ce, "Ya kwantar? Ya ce in shigo?"

Na ce, "Lokacinka ya ƙare, Dogo. Sun ba shi."

Ya ce, "Wane lokaci? Ai na gama."

"A wajensu sai ka ɗaga dokin."

"Yana cikin takardar?"

Na ce, "Ban gani ba."

Ya miƙo mini kofi ɗaya ya ce, "To sha, kada ta yi zafi." Na sha. Har yau ba na shan sobiya.

Da muka koma rumfa aka ba Baba labari, ya ce, "Yaro ya yi abin da aka koya masa. Ni ne ban koya masa cewa kowane gida da ƙofarsa ba." Ya ɗauki laifin ya ɗora wa kansa, ina zaune ina ji. Dogo bai yi fushi da kowa ba. Ya ci gaba da zuwa shan shayi, amma bai ƙara zama gaban allo ba. In an matsa masa sai ya ce, "Ni ban san inda wasa ke ƙarewa ba, ku yi." Ustazu ya dawo sau biyu nemansa, ya ƙi fita. Da Tela ya rasu ba a sami na uku ba, rumfar ta koma wajen kallon ƙwallo. Ni kuwa na ci gaba da bin labarin hukumar a jarida kamar mai bin labarin dangi: shugaba ya zo, shugaba ya tafi, a yi shekaru shiru, a sake farfaɗowa, har aka kai yau da ake wasa a manyan zaure ana nunawa a talabijin. Duk hoton da na gani na ɗan wasa riƙe da kofi, sai in duba babban yatsansa na hagu.

Mun zauna unguwa ɗaya da Dogo har muka yi furfura. Ƙofar gidana ta ƙarfe shi ya ƙera ta. Ya halarci sunan 'ya'yana, na halarci na nasa. Kullum in ce gobe zan gaya masa, ai yana nan, lungu biyu ne tsakaninmu. Sai aka zo aka yi jan rubutu a bangayenmu, aka ce a tashi, za a rushe unguwar. Cikin 'yan makonni kowa ya ɗaure kayansa, motoci suka watsa mu gabas da arewa. Ranar da na je yi masa sallama na tarar da gidan ba ƙofa, ya cire abarsa ya tafi da ita. Lambar da nake da ita ba ta shiga. Wani ya ce yana wajen 'yarsa a Bahra, wani ya ce Makka, wani ya ce ya gan shi a asibiti ana tura shi a keke. Na koma Nuzla sau ɗaya, na kasa gane inda rumfar take. Fili ne fetal, iska na wasa da leda.

A wannan Talatar, bayan Magariba, na zaunar da Hajiya da jikata na gaya musu abin da na gaya muku, ta ɗaya har ta takwas. Hajiya ta ajiye carbi ta ce, "Shekara nawa ina dafa wa mutumin nan abincin Salla, kana zaune kana ba shi labarin duniya, wannan ne ba ka iya faɗa ba?" Yarinyar kuwa ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ce, "Sidi, mu rubuta wa ittihad. Ni zan yi ɗiba'a, in buga a jawwal." Na ce za mu rubuta, amma shaida ɗaya ba ta isa ba, kuma cikin mu shida da muka raka shi ni kaɗai na san ina numfashi. Ban da haka ma, ba hukuma ce ta fara cancantar jin wannan magana ba. Mai ita ne.

Na sa jikata ta sayo mini allo na katako. Na jera shi a kan teburin falo yadda aka bar shi: sarki baƙi a lungu, ɗabiya a gefensa, askarawa biyu a gabansa, farin doki na jiran tsalle. Hajiya ta ce in kwashe ta sami wurin ajiye faranti, na ce ba mai taɓa shi. Nakan zagaya shi sau ashirin a yini.

Don haka, kai mai karatu, ga roƙona, kuma abu uku ne a jere. Na ɗaya, in kana da tsoho a gida wanda ya zauna Nuzla ko unguwar Mahjar, ka karanta masa wannan da bakinka, kada ka tsallake ko layi ɗaya. Na biyu, ka tambaye shi ko ya san inda wani dogon maƙerin ƙofa yake, mai babban yatsan hagu ba farce. Tsofaffin unguwarmu ko an watsa su sun san yadda saƙo ke isa hannun juna, zai iso ni. Na uku, in Allah ya sa kai ne ke zaune kusa da shi, ka sunkuya daidai kunnensa ka ce Yayansa ya ce yana cikin takardar, lamba ta takwas, ya gani ya tsallake. Ka ce allo na nan a jere, ba agogo, ni ne zaune a wurin malamin. Ya zo ya ɗaga dokinsa ya kashe ni a gaban jikata, kuma kada ya sumbaci kaina.